'Yarki Ta Zama Barista, To Sai Me Ya Biyo Baya?

 

Kwanakin baya na halarci wata walima a Makera, inda wata baiwar Allah ta tara mu domin taya ta murna, 'yarta ta fari ta kammala karatun lauya an rantsar da ita a Abuja. Aka kafa rumfa, aka yi waina da miyar taushe, aka rarraba hoton yarinyar sanye da baƙar riga da farar hular nan ta lauyoyi a kan hijabinta. Kowa ya shigo sai ki ji ya ce, "Ina Baristar tamu?" Wata tsohuwa ma har cewa ta yi daga yau talauci ya yi ƙaura daga gidan.

Bayan an watse na zauna kusa da uwar, sai ta sassauta murya ta ce mini, "Wallahi 'yar uwa, har filina na gado na sayar a kan karatun nan. Yanzu kuma ita da kanta take ce mini kada in sa rai da wuri." Wannan magana ita ce ta sa na ga ya dace mu zauna mu tattauna, domin na san akwai iyaye mata da yawa a Kakuri da Barnawa da Nasarawa da Tirkaniya da ke cikin irin wannan hali, wasu kuma 'ya'yansu na shirin cike fom ɗin JAMB da niyyar karanta lauya.

Shekara bakwai kafin albashin farko

Da farko ki san tsawon tafiyar. Digirin lauya a jami'o'inmu, kamar Jami'ar Ahmadu Bello da ke da sashen shari'a a Kongo, Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano, shekara 5 ne. Wanda ya gama bai zama lauya ba tukuna, sai ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi ta Ƙasa ya yi kusan shekara guda. Ita wannan makaranta an kafa ta ne da dokar 1962, ta fara aiki a Legas a 1963 da ɗalibai 8 kacal. A 1997 aka mayar da hedikwatarta Bwari kusa da Abuja, yanzu kuma tana da rassa a Legas da Enugu da Bagauda ta Jihar Kano da Yola da Yenagoa da Fatakwal, kuma ana iya tura ɗalibi kowanne daga cikinsu. Sai wanda ya ci jarrabawar ƙarshe ake rantsarwa. Daga nan kuma sai shekarar yi wa ƙasa hidima.

Idan kin haɗa lissafi shekara 7 ke nan, in har komai ya tafi daidai. To amma kin san ba kasafai yake tafiya daidai ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 ya ci wata 8. Bugu da ƙari, akwai adadin ɗaliban da hukumar ilimin lauyoyi ta yarje wa kowace jami'a ta tura makarantar a shekara. Jami'ar da ta ɗibi fiye da ƙa'ida, sai ɗalibanta su gama digiri su zauna a gida suna jiran layi ya zo kansu. Don haka yarinyar da ta shiga jami'a tana da shekara 18, da wuya ta fara neman aiki ƙasa da shekara 25 ko 26.

Abin da ke jiran ta a waje

Makarantar da ta fara da mutum 8, yau dubban lauyoyi take yayewa a kowace shekara. Mafi yawansu kuwa ƙofa ɗaya suke fara ƙwanƙwasawa, wato ofishin wani babban lauya, inda za su zauna a ƙarƙashinsa su koyi aiki. A nan ne iyaye da yawa suke shan mamaki. Tun daga 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira 70,000 ne, kuma daga 2025 masu yi wa ƙasa hidima suna karɓar alawus na Naira 77,000 a wata. Amma kukan da ƙananan lauyoyi suka daɗe suna yi shi ne, a ƙananan ofisoshi da dama abin da ake ba su bai kai haka ba, a wasu wuraren ma babu tsayayyen albashi, sai ɗan kuɗin mota idan an aike su kotu. Wato sai ki ga yarinya ta fi samun kuɗi lokacin da take bautar ƙasa a kan lokacin da ta fara aikin lauya sosai.

A cikin wannan ɗan abin ne za ta sayi baƙaƙen kaya da fararen riguna na zuwa kotu, ta biya kuɗin izinin aiki da kowane lauya ke biya duk shekara, ta biya na hatimin ƙungiyar lauyoyi wanda dole a manna shi a duk takardar da ta rubuta, ta biya kuɗin reshen ƙungiya, ga kuɗin data. Ga kuma kuɗin mota. Mu da ke kudancin kogi mun san wannan: Babbar Kotun Jiha da ke titin Bida, da Ma'aikatar Shari'a, da manyan ofisoshin lauyoyi da yawa duk suna tsallaken gada ne, kotu kuma ƙarfe 9 take zama. Wadda ta taso daga Kakuri ko Barnawa sai ta yi sammako ta bi cunkoson gada, safe da yamma.

Me ya sa abin yake haka? Dalili na farko shi ne, arzikin lauya yana bin arzikin gari ne. Lauya ba a shari'ar kotu kaɗai yake samun kuɗi ba, babban samunsa yana wajen rubuta yarjejeniyar kamfanoni da cinikin filaye da harkar bankuna. Shi ya sa manyan ofisoshin da ke biyan albashi mai tsoka suka taru a Legas da Abuja da Fatakwal. Mu kuwa a nan, ke ma shaida ce a kan abin da ya sami Kakuri. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta rufe a 2002, UNTL ta dakata a 2007, Arewa Textiles ma ta rufe. Da masaƙun suka tsaya, sai dillalai da 'yan kwangila da masu gidajen haya da ke ci a ƙarƙashinsu suka durƙushe, kuma waɗannan su ne masu ɗaukar lauya.

Dalili na biyu, wasu ƙananan ayyukan da sabon lauya ke samun na cefane da su sun ragu. A da duk mai son yi wa kamfani rajista sai ya nemi lauya ko wani ƙwararre, amma tun bayan sabuwar dokar kamfanoni ta 2020 mutum na iya yin rajistar da kansa ta intanet a hukumar CAC.

Dalili na uku kuwa, uwargida, mu ne da kanmu. Da yawanmu ba mu ɗauki shawarar lauya a matsayin abin biya ba. Za mu biya tela, mu biya mai lalle, amma idan 'yar maƙwabta ta zama lauya sai a riƙa yi mata sallama da takardun fili da na haya, ta duba ta rubuta, a ce "Allah Ya yi albarka" a tashi. A 2023 an fitar da doka da ta ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin da lauya zai caji wanda ya yi wa aiki, amma doka ba za ta shiga zauren gidanmu ta hana ɗan uwa cin bulus ba.

Kada kuma ki ce to ta buɗe shago ta haɗa biyu. Ƙa'idojin aikin lauya sun taƙaita haɗa shi da saye da sayarwa, haka kuma sun hana lauya bin mutane yana tallar kansa kamar mai kayan koli. Suna ne jarinsa, suna kuwa ba ya samuwa dare ɗaya.

Waɗanda suka riga ta

Duk da haka kada gwiwarki ta yi sanyi. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ita ce mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya. A 1967 ta fara aiki a matsayin ƙaramar lauyar gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa, ta bi matakai ɗaya bayan ɗaya, har a 2012 ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya. Ki lissafa da kyau, shekara 45 ke nan tsakani. Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, wadda ta yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020. A nan Kaduna ma, tsakanin 2015 da 2023 mata uku ne suka riƙe kujerar Kwamishinar Shari'a: Amina Sijuwade da Umma Hikima da Aisha Dikko.

Maganar hijabi da ke sa wasu iyaye ɗari-ɗari ita ma ta sami mafita. A Disambar 2017 an hana Firdaus Amasa, wadda ta yi karatu a Jami'ar Ilorin, shiga zauren rantsarwa saboda ta ƙi cire hijabinta. Ta tsaya a kan bakanta, al'umma ta mara mata baya, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta, kuma ƙannenta na cin moriyar wannan tsayuwa har yau.

Abin lura a nan shi ne, aikin lauya aiki ne da aka gina shi a kan shekaru. Tsarin mulkin 1999 ya ce sai lauya ya shekara 10 da rantsarwa kafin a naɗa shi alƙalin Babbar Kotu. Lambar girma ta SAN ita ma sai bayan shekara 10 ake neman ta. Saboda haka shekaru uku zuwa biyar na farko ki ɗauke su tamkar ci gaban makaranta ne. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Ba kotu ce kaɗai ƙofa ba

Kuskuren da muke yi shi ne zaton duk lauya sai ya tsaya gaban alƙali yana musu. Akwai lauyoyin gwamnati a Ma'aikatar Shari'a, akwai majistarori, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976 domin kare marasa ƙarfi, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, ga sassan shari'a a EFCC da ICPC da 'yan sanda da soja da kwastan. Aikin gwamnati yana da tsayayyen albashi da lokacin tashi da hutun haihuwa, shi ya sa mata da yawa suka fi son sa, sai dai gurbin kaɗan ne, masu nema kuma ba iyaka. Bankuna da kamfanoni suna ɗaukar lauyoyi a matsayin sakatarori da masu ba da shawara. Wadda ta yi digiri na biyu tana iya koyarwa. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank kuma a 2019, an sami sabuwar buƙata ta lauyoyin da suka san hukuncin ciniki a Musulunci tare da dokar ƙasa.

Amma ni abin da na fi son ki duba shi ne aikin da ke kwance a unguwanninmu. Tun 2001, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, Jihar Kaduna ke tafiya da kotunan Shari'ar Musulunci da kotunan gargajiya a gefen kotunan majistare da Babbar Kotu. Kudancin kogi kuwa wuri ne da Musulmi da Kirista da ƙabilu iri-iri ke zaune, suna haya a gidajen juna, suna cinikin filaye da juna. Lauyan da ya san dokar ƙasa, ya san fiƙihun aure da gado, yana jin Hausa da Turanci, ya fi kowa amfani a irin wannan wuri. Yawan lauyoyin wannan ɓangare ma ya kai har ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, tana da reshe na musamman a Barnawa.

Ki tuna gidaje da filayen da aka sayar cikin gaggawa bayan rikicin 2000 da na 2002, lokacin da mutane suka riƙa ƙaura zuwa wancan tsallake ko wannan. Da yawa an yi cinikin ne da 'yar takardar hannu, yau masu cinikin sun rasu, magada na neman ingantacciyar takardar mallaka daga hukumar KADGIS. Ki tuna tsofaffin ma'aikatan masaƙa da suka shafe shekaru suna bin kuɗin sallamarsu, wasu har suka rasu suka bar zawarawa da marayu. Ki tuna matan da aka saka aka bar su da yara babu ci babu sha, da waɗanda 'yan uwan miji suka danne musu tumunin takaba, alhali Allah Ya yanka wa kowa rabonsa a cikin Suratun Nisa'i. Ki tuna yaran da aka ci wa zarafi, waɗanda ake kaiwa cibiyar Salama da ke Asibitin Gwamna Awan a Kakuri, ga kuma dokar kare yara da ta hana cin zarafi da jihar ta yi a 2018, waɗanda sai da lauya suke aiki.

Ke kin sani, akwai maganar da mace ba za ta iya buɗe baki ta faɗa wa namiji ba, ko da lauyanta ne. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Gaskiya ne irin wannan aiki ba ya kawo kuɗi da wuri, wani ma don Allah ake yin sa, kamar yadda ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA ke yi. To amma ta nan ake yin suna, kuma matar da aka ƙwato wa gadonta yau ita ce za ta kawo ɗan uwanta mai sayen gida gobe.

Naki aikin, uwargida

Idan 'yarki ba ta shiga ba tukuna, ki zaunar da ita ki tambaye ta tsakani da Allah, ita ke so ko ku ke so a kira ku iyayen Barista? Karatu ne mai yawan karance-karance da rubutu, wadda Turancinta bai zauna ba za ta sha wuya. Ki bincika ko hukumar ilimin lauyoyi ta amince da sashen shari'a na jami'ar da za ta shiga, kada ta gama a ce babu gurbinta a makarantar lauyoyi. Idan tana da tushen Islamiyya da Larabci, ki ƙarfafa mata gwiwa ta ɗauki ɓangaren da ya haɗa da Shari'ar Musulunci, kamar yadda ake yi a Zariya da Kano da Sakkwato, domin ta fito da makami biyu.

Idan tana cikin karatun, kada ki bari hutu ya ƙare mata a kicin da kallon waya. Ki sa mahaifinta ko kawunta ya nema mata wani ofishin lauya mai mutunci ta riƙa zuwa tana ganin yadda ake aiki, ta kuma koyi kwamfuta sosai. Sakamako mai kyau yana da tasiri, domin manyan ofisoshi da shi suke fara tacewa. Ku kuma fara tanadin kuɗin makarantar lauyoyi tun tana aji uku, ko da ta hanyar adashi ne, domin kuɗin makaranta da na rantsarwa da na riga da hula a tare suke faɗowa. Ban ba ki shawarar sayar da fili ko cin bashi da zaton albashin shekarar farko zai biya ba.

Idan ta gama, wajen zaɓen ofishin da za ta fara, ku fi duba inda za a koya mata aiki a kuma mutunta ta, a bar ta ta yi sallarta a kan lokaci, ta tashi kafin dare. Ofishin da zai riƙa tura ta kotu tana tsayawa da kanta ya fi wanda zai ƙara mata dubu goma ya mayar da ita mai ɗaukar jaka. Amma haƙuri ba wulaƙanci ba ne. Idan ta zo miki da ƙorafin wani na neman ta da lalata a wurin aiki, kada ki ce ta daure, ki tsaya mata ta bar wurin, a kuma kai ƙara inda ya dace.

Sai maganar aure, wadda ita ce ta fi kayar da 'ya'yanmu. Da yawa sun sha wahalar shekara bakwai, hular ta ƙare a cikin akwati saboda ba a yi magana tun farko ba. Kafin a sa rana, waliyyai su zauna da manemin a faɗa masa gaskiya: aikin nan yana da sammako, yana da zuwa kotun wani gari, yana da cuɗanya da jama'a cikin mutunci. In ya amince, a yi shaidu a kai. In kuma ke ce uwar miji, surukarki lauya ce, to ki zame mata uwa. Riƙe mata jariri na awa huɗu ranar da take da shari'a ba zai rage ki da komai ba, kuma ribar gidan ɗanki za ta shiga.

Daga ƙarshe, ki zama ta farko da za ta biya ta. Ranar da za ki sayi fili ko ki ba da hayar shago, ki kira ta ta rubuta, ki ba ta haƙƙinta a gaban 'yan uwa, domin su gane cewa ilimin nan da kuɗi aka same shi. Kuma ki daina yi mata gorin 'yar wance da ke aiki a banki ta sayi mota. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ita waccan baiwar Allah ta Makera, da muka sake haɗuwa a wajen wani suna, ta ce mini yarinyar na nan tana tsallaka gada kullum, abin da ake ba ta bai taka kara ya karya ba. Amma ta ce ran nan wata bazawara ta zo har gida da kwanon ƙosai tana hawaye, wai Barista ta tsaya mata an ba ta rabon 'ya'yanta na gidan mahaifinsu. Uwar ta ce, "Filin nawa dai bai dawo ba tukuna, amma ranar na yi barci mai daɗi."

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su abin yi na halal, Ya sa su zama masu tsayawa a kan gaskiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.